Wanda Ya Mutu Ba Ya Jin "Yi Haƙuri"

 

Kwanakin baya 'yar yayana ta zo mana hutu, yarinya 'yar aji biyar a sakandare. Kwana uku ina lura da ita, ta ƙule a ɗaki da wani littafin Turanci, abinci ma sai an yi da gaske take fitowa ta ci. Ran na huɗu na same ta ido ya yi jawur, na ce, "Ke lafiya? Wa ya mutu?" Sai ta ce, "Gwaggo, wallahi wata yarinya ce a littafin nan, kuma ni ban ga laifinta ba." Maganar nan ta ƙarshe ita ta faɗar mini da gaba. Na ce ta ba ni aron littafin, na yi dare biyu ina karanta shi. Abin da na gani a ciki shi nake so mu tattauna yau.

Sunan littafin Thirteen Reasons Why, ma'ana dalilai 13. Wani Ba'amurke mai suna Jay Asher ya rubuta shi, ya fito a shekarar 2007, kuma don matasa aka yi shi. Labarin wata 'yar makaranta ce, Hannah Baker, wadda ta kashe kanta. Kafin ta yi haka sai da ta ɗauki muryarta a kaset guda 7, ta cika fuska 13, kowace fuska da sunan mutumin da ta ce yana da hannu a mutuwarta. Ta shirya yadda kaset ɗin za su riƙa zagayawa daga wannan zuwa wancan. Mu masu karatu muna sauraro ne tare da wani yaro mai suna Clay, wanda yake sonta amma kunya ta hana shi faɗa. Dare ɗaya ya yi yana yawo a gari yana jin muryarta. Mu da muka taso lokacin da masoya da matafiya suke aiko saƙo a kaset, mun san yadda muryar wanda ba ya nan take ratsa zuciya.

Gaskiya ɗaya ce, marubucin nan ya iya jan labari, kuma akwai abin da ya faɗa daidai. Ya nuna yadda ƙaramar magana take girma. Wani saurayi ya ƙara gishiri a kan abin da ya faru tsakaninsa da Hannah, sunanta ya ɓaci. Wani ya rubuta ta a takardar wasa yana siffanta jikinta, takardar ta zaga aji. Ƙawarta ta juya mata baya. Wani ya riƙa laɓewa yana ɗaukar hotonta ta taga. Wani ya sace waƙar da ta rubuta a asirce ya buga kowa ya karanta. Daga ƙarshe wani azzalumi ya keta mata haddi. Ban da wannan na ƙarshe, kusan kowannensu zai iya cewa ai wasa yake yi. To mu mata mun san irin wannan wasa. Mun san yadda ake cewa "an ce an ga wance" a gidan biki, kafin la'asar maganar ta kai bakin masu neman aurenta. Magana zarar bunu ce, duk wadda ta karanta littafin nan za ta ƙara jin tsoron harshenta. A nan kam na yaba masa.

Amma fa akwai inda muka raba gari da shi, kuma wurare uku ne.

Na farko shi ne babba. Littafin ya bar mamaciya tana magana tun daga shafin farko har kusan na ƙarshe. Ita ke ba da umarni, ita ke yanke hukunci, wanda ya cuce ta yana rawar jiki, wanda yake sonta yana kuka. Yarinyar da ke cikin ƙunci idan ta karanta wannan, me za ta ɗauka? Za ta ɗauka cewa abin da ta kasa samu da ranta, wato a saurare ta a kuma yi nadama, za ta same shi idan ta mutu. Wannan kuwa yaudara ce. Wanda ya mutu ba ya jin "yi haƙuri". Ba ya nan balle ya ga hawayen maƙiyinsa. Wadda take nan ita ce uwa, da ƙanne, da ƙawar da za ta yi shekaru tana tuhumar kanta. Shi kuwa magulmaci, bayan sadakar bakwai ya koma harkarsa. Abin da 'yar yayana ta ce, ba ta ga laifinta ba, daga nan ya samo asali.

Na biyu, littafin ya ƙirga dalilai 13 amma bai tsaya a kan ciwon da ke jikin yarinyar ba. Duk alamun ciwon damuwa suna nan tattare da Hannah: ta janye daga mutane, ta daina kula da karatu, ta yanke ƙauna. Sai dai labarin ya mai da abin kamar lissafi, wane ya yi kaza, wance ta yi kaza, jimla mutuwa. Likitoci kuwa sun nuna ba kasafai abu ɗaya ko mutum ɗaya yake kai mutum ga wannan ba, yawanci akwai ciwo a ƙasa, kuma ciwon nan yana da magani. Littafin da zai yi shafi sama da 200 a kan mutuwar yarinya bai nuna wa mai karatu wannan ba, ya bar rabin aikinsa.

Na uku, babban mutum ɗaya da Hannah ta je wurinsa neman taimako, wato malamin da ke ba ɗalibai shawara, bai tsinana mata komai ba. Ta yi masa hannunka mai sanda, bai gane ba, ta fita, bai bi ta ba. I, akwai manya irin wannan, mu ma muna da su. Amma idan shi kaɗai aka nuna wa yarinya, an koya mata ke nan cewa faɗa wa babba ɓata lokaci ne.

Kada wata ta ce ai labari ne kawai. Tun a 1774 wani marubucin Jamus mai suna Goethe ya fitar da labarin wani saurayi, Werther, wanda ya hallaka kansa saboda son matar da ba zai samu ba. Aka riƙa ba da labarin samarin da suka kwaikwaye shi, har wasu garuruwa suka hana sayar da littafin. A 1974 wani masani a Amurka, David Phillips, ya nuna cewa idan jaridu suka yayata irin wannan mutuwa, adadin masu aikatawa yakan ƙaru, ya kuma sa wa abin sunan Werther ɗin nan. Shi ma littafin da muke magana a kai, kamfanin Netflix ya mai da shi fim mai dogon zango a ƙarshen Maris na 2017. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya gano cewa a watan Afrilun 2017, kisan kai tsakanin yaran Amurka 'yan shekara 10 zuwa 17 ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100, yawanci maza. Masana sun yi saɓani kan ko fim ɗin ne sanadi, amma dai a watan Yulin 2019 kamfanin da kansa ya yanke wurin da aka nuna mutuwar Hannah ƙiri-ƙiri.

To shin sai a daina rubutu a kan wannan matsala? A'a, ko kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 suke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Abin da ya kai haka ba a rufe shi da tabarma. Magana dai ita ce yadda za a rubuta.

Akwai wani littafin, shi ma na matasan Amurka, It's Kind of a Funny Story, na Ned Vizzini, wanda ya fito a 2006. Yaro ne mai suna Craig a birnin New York, ya ci jarrabawar shiga wata babbar makaranta, nauyin karatu ya danne shi, ba ci ba barci. Ya fara shan magani, da ya ji sauƙi sai ya daina. Daren da abin ya kai maƙura, sai ya buga wayar masu ba da agaji, suka ce ya tafi asibiti, ya taka da ƙafarsa ya je. Kwana 5 ya yi a can, ya haɗu da masu irin ciwonsa, ya koma zanen da yake so tun yana ƙarami, iyayensa suka tsaya masa. Bai fito ya warke sarai ba, amma ya fito yana son rayuwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, domin marubucin shi ma ya taɓa kwanciya irin wannan. Ba zan ɓoye muku ba, ciwon ya dawo masa, ya yi ajalinsa a 2013. Wannan ya nuna ciwon damuwa kamar hawan jini yake, ba a sakaci da shi don an ji sauƙi. Duk da haka littafin da ya bari yana nuna wa yaro ƙofar fita, wanda na farkon bai yi ba.

Yanzu bari in juyo gida, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu da muka sha karatun littattafan soyayya, sau nawa muka ci karo da budurwar da za a yi wa auren dole tana rantsuwa za ta kashe kanta? Sau nawa kuma wannan barazana ita ce take sa uba ya sauko a ba ta wanda take so? 'Yan uwana marubuta, ku ji tsoron Allah. Auren dole abin yaƙa ne, kun kuma yi ƙoƙari a kansa, amma kada ku mai da ran yarinya makamin cin nasara. Ku rubuta mana gwaggon da ta saurara, da malamin da ya shiga tsakani, da likitar da ta gane ciwon.

Ke kuma uwa, idan kin ga 'yarki ta yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ta bar abin da take so, barcinta da cin abincinta sun canza, tana cewa ita ba ta da amfani ko gara ba ta duniya, kada ki ce iskanci ne ko rashin godiyar Allah. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ki zaunar da ita ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa mata tunanin, sauƙi ma take kawo mata. Addininmu ya haramta kisan kai, haka kuma ya umarce mu da neman magani, saboda haka a yi addu'a a kuma je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ke ma 'yar uwa budurwa, in ke ce a cikin wannan hali, ki faɗa wa wani babba yau. In bai gane ba, ki faɗa wa na biyu, ki faɗa wa na uku.

'Yar yayana dai ban ƙwace mata littafin ba. Zama muka yi a tabarma bayan isha'i, na ce, "To gaya mini, da ke ce ƙawar Hannah, me za ki yi?" Ta yi shiru, can ta ce, "Gwaggo, akwai wata a ɗakinmu a makaranta, ta daina magana da kowa tun zangon da ya wuce." Da hutu ya ƙare, tare muka je makarantar, muka ga shugabar.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, amin.