Masassaƙan Ƙofofin Zanzibar

Jirgin ruwan da ke tasowa daga Darussalam yakan yi kimanin awa biyu kafin ya isa Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Da fasinja ya fito daga tashar jirgin, ya riga ya faɗa tsohon gari, wanda mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe. Lungunansa matsattsu ne, da yawansu mota ba ta shiga, sai babur da keke da mai tura kura. An gina gidajen da dutsen murjani da ake haƙowa a tsibirin, aka shafe su da farar ƙasa, kuma gaskiyar magana yawancin bangayen ba su da wani abin kallo: iskar teku ta cinye shafen, laima ta bar musu baƙin tabo. Amma a tsakiyar irin wannan bango sai ka ci karo da ƙofar katako wadda za ta sa ka ja birki. Baƙi sukan ɗauki hoto su wuce. Ni kuwa ina ganin wanda ya sassaƙa ta ya cancanci a tsaya a fahimci abin da ya yi.

Abu na farko da ido ba ya saurin kamawa shi ne, ƙyauren kansa ba shi da zane. Allunan katako ne masu kauri aka jera a tsaye, aka ɗaure su ta baya da wasu katakan a gicciye, aka buga manyan ƙusoshi waɗanda kawunansu suke fitowa ta gaba layi-layi. Duk zanen yana kan sassa huɗu ne: ginshiƙan gefe biyu, da katakon da ke gicciye a sama, da wani dogon katako da ke tsakiya inda ƙyauren biyu suke haɗuwa. Wannan na tsakiyar a jikin ƙyaure ɗaya yake, kuma yana da aiki bayan ado, domin shi ke rufe tsagar da ke tsakani, ya hana ruwan sama da idon mai leƙe. Masassaƙin ya san inda zai zuba gwanintarsa, ya kuma san inda zai ɗauke hannu. Da ya cika ko'ina da fure, da ƙyauren ya yi rauni, da kuma ido ya rasa wurin hutawa. Waswahili suna kiran ƙyauren dama namiji, na hagu kuma mace.

Kafin a kai ga zane, akwai maganar itace, kuma a nan ne ake gane fundi, wato gwanin sana'a, da ɗan koyo. Attajiran da suka sami hali suna sayo katakon tik daga Indiya, wanda jiragen ruwa masu filafilai suke kawowa idan iskar kaskazi ta kaɗa daga arewa maso gabas, tsakanin Disamba da Maris. Tik yana da mai a jikinsa, gara ba ta son sa, ruwa kuma ba ya saurin ruɓar da shi. Waɗanda ba su kai nan ba suna amfani da mvule daga gaɓar nahiyar, wanda shi ne dai itacen da muke kira loko a Najeriya, ko kuma itacen fenesi da ke fitowa a tsibirin. Kowanne aka zaɓa, dole a bar shi ya bushe sosai a inuwa. Zanzibar wuri ne mai laima, ruwan daminar masika yana zuba kamar da bakin ƙwarya daga Maris zuwa Mayu, katako ya sha ya kumbura, rana ta fito ya tsuke. Idan an yi gaggawa an sassaƙa ɗanye, kafin shekara ta zagayo ƙofa ta karkace, ta ƙi rufuwa, zanen ya tsage. Don haka ake haɗa firam ɗin da harshe da rami, katako ya shiga cikin katako, ta yadda zai motsa kaɗan da sauyin yanayi ba tare da ya ɓalle ba. Ƙofar da ta haura shekara ɗari tana buɗuwa tana rufuwa, ba adonta ne ya riƙe ta ba.

A rumfar masassaƙi, ana kwantar da ginshiƙin a ƙasa ko kan benci. Fundin ne yake fitar da zanen, wani lokaci da fensir kai tsaye, wani lokaci da takardar da aka yanka siffar ganye ko fure, ana ɗorawa ana bi ana matsawa gaba, don zanen ya maimaita kansa daidai har ƙarshen katakon. Sai a ɗauki ƙarfen sassaƙa da gudumar itace. Da farko ana bin layin ne a tsaye, a yanke shi, don kada tsaga ta tsallaka cikin furen. Daga nan a ƙwaƙule bayan zanen, furen ya taso. Sannan a sauya ƙarfe, a ɗauki mai lanƙwasasshen baki a zagaye gefen ganye, a fitar da jijiyarsa. Kana kusa za ka ji bugun yana sauyawa: mai nauyi yayin ƙwaƙule, mai sauƙi ƙwas-ƙwas idan an zo bakin fure, can kuma sai a ajiye gudumar baki ɗaya a tura ƙarfen da tafin hannu. Itace yana da hanyar da zarensa ya bi, idan ka sare shi ta inda ba ya so sai ya ɓantare, kuma abin da ya ɓantare ba ya komawa. Shi ya sa ɗan koyo yake daɗewa yana wasa ƙarafa da gogar katako kafin a bar shi ya taɓa fure, kuma ko an bar shi, sarƙar gefe ake fara ba shi.

Sarƙar nan tana zagaye kusan kowace tsohuwar ƙofa ta can waje. Masu yi wa baƙi jagora suna da bayani a kanta iri-iri: wasu su ce alamar tsaro ce ga gidan, wasu su ce shaida ce mai gidan ya yi fataucin bayi. Na fi karkata ga na farko, domin sarƙar ta yi yawa a gari fiye da a ce kowane mai ita dillalin bayi ne, ko da yake ba a ɓoye cewa dukiyar da ta gina garin nan ta fito ne daga kanumfari da hauren giwa da bayi, kuma sai a 1873 aka rufe kasuwar bayin. Daga sarƙa zuwa ciki za ka ga furen bado, da bishiyar dabino, da bishiyar turaren lubban. A gindin ginshiƙan kuma akwai kifi ko igiyar ruwa, abin da ya dace da mutanen da arzikinsu ta teku yake zuwa. A katakon sama, musamman a gidajen Larabawa, akan rubuta ayar Alƙur'ani, wani lokaci da sunan mai gida da shekarar Hijira. Sassaƙa rubutun Larabci a kan itace mai tauri, harafi ya fito da ƙiba da siranta kamar da alƙalami aka ja shi, wannan aiki ne da ba kowane fundi ke karɓa ba.

Wanda ya saba yana iya duban ƙofa ya faɗi zamaninta. Tsofaffin ƙofofin Waswahili da na Larabawan Oman samansu a miƙe yake, mai kusurwa huɗu, zanensu bai cika zurfi ba, ya fi karkata ga layuka da siffofi masu maimaituwa. Sun yawaita ne bayan Sayyid Sa'id ɗan Sultan ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, attajirai suka biyo shi. Ɗansa Barghash, wanda aka taɓa kora zuwa Bombay bayan ya yi yunƙurin ƙwace sarauta daga ɗan'uwansa Majid, ya dawo ya hau mulki daga 1870 zuwa 1888, kuma a zamaninsa salon Indiya ya yi ƙarfi: saman ƙofa ya zama rabin da'ira, furanni suka yi zurfi suka nannaɗe juna. Manyan ƙofofin Baitul Aja'ib, fadar da ya gina a 1883, su ne ƙololuwar wannan salo. Daga Indiya ne kuma aka samo tsinin tagulla da ke jere a kan ƙyaure. A can an yi su ne don hana giwar yaƙi tunkuɗe ƙofar ganuwa. A Zanzibar ba giwar da za ta zo, tsinin ya zama hanyar nuna cewa mai gida ba ƙaramin mutum ba ne. 'Yan kasuwar Gujarat kuma nasu daban ne, ƙofar shago mai falle-falle da ake naɗewa, a buɗe gaban shagon baki ɗaya.

Ana cewa a da ƙofa ake fara kafawa kafin a tayar da bango, kuma wanda zai ƙaura yana iya cire tasa ya tafi da ita. Dalilin a fili yake. Gidan Waswahili a rufe yake ga na waje, baƙon da ba muharrami ba iyakarsa baraza, wato dakalin da ke gefen ƙofa irin namu, inda maza suke zama su sha gahawa. Ƙofa ce kaɗai abin da mai wucewa zai gani ya auna mai gida da shi. Ka je gidan Hamid ɗan Muhammad, wanda aka fi sani da Tippu Tip, babban ɗan kasuwar hauren giwa da bayi da ya rasu a 1905: gidan ya tsufa, amma ƙofar har yau tana faɗin ko wane ne ya zauna a ciki.

Bayan juyin juya halin Janairun 1964, Larabawa da Indiyawa da yawa sun bar tsibirin, gidajensu suka koma hannun gwamnati, aka raba wa iyalai ɗaki-ɗaki. Wanda ba shi da kuɗin gyaran rufi ba zai sayi man shafa wa ƙofa ba. Wasu ƙofofin suka ruɓe, wasu aka ɓalle tagullarsu, wasu aka cire su ɗungurungum aka sayar wa masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje. An kafa hukumar kula da tsohon garin a 1985, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma ko Baitul Aja'ib wani sashensa ya rufta a Disambar 2020.

Sana'ar dai ba ta mutu ba. Otal-otal da masallatai da masu sabon gini suna ba da aikin ƙofa, sauran lokacin kuma masassaƙa suna cin abinci ne da akwatuna da firam ɗin madubi da ƙananan ƙofofin tsaraba. Wasu daga cikin na tsarabar aikin gaggawa ne, an lafta musu baƙin fenti don su yi kama da tsofaffi, kuma yatsa yana ganewa: ka shafa bayan furen, idan da kaushi an yi ha'inci. In Allah ya kai ka Unguja, ka nemi rumfar da ake aikin, ka zauna ka kalla, ka sayi sabon aiki daga hannun wanda ya yi shi, kada ka matse shi a ciniki. Wanda kuma ya ja ka gefe ya ce yana da guntun tsohuwar ƙofa na sayarwa, ka ba shi haƙuri, domin daga jikin wani gida aka ɓallo shi.