Tsohuwar Gaba a Sabuwar Manhaja: Tsokaci kan Manufofin Digirin Adabi da Falsafa a Ingila

Wannan maƙala tsokaci ce a kan ƙwarewar da jami'o'in Ingila suke alkawarta wa ɗalibin da ya haɗa adabi da falsafa a digiri guda, kamar yadda ake yi a Jami'ar Warwick, ko kuwa a Oxford, inda ake gama falsafa da wani harshen Turai tare da adabinsa.

Tun daga rahoton kwamitin Dearing na 1997, da kafa hukumar QAA mai sa ido kan ingancin ilimin jami'a a wannan shekara, ya zama wajibi kowane sashe ya rubuta manufofin kwasa-kwasansa filla-filla. A 2000 hukumar ta fitar da ma'aunin falsafa daban, na Ingilishi daban. Mai tsara digirin haɗaka kan ɗebo daga nan, ya ɗebo daga can, ya jera: karatun ƙwaƙƙwafi, iya gina hujja da rushe ta, rubutu bayyananne, bincike ba tare da jagora ba. Babu laifi ga ko ɗaya, illa dai ɗalibin shari'a da na tarihi ma da su suke tinƙaho. Jerin bai faɗi abin da haɗawar ta haifar ba.

Dalili kuwa shi ne, ya ɓoye gabar da ke tsakanin fannonin biyu. A littafi na 10 na Jamhuriya, Aflatun ya ambaci wannan gaba a matsayin daɗaɗɗiya, ya kuma hana mawaƙa masu kwaikwayo zama a birninsa. Abin mamaki, shi da kansa da zubin hira ya yi rubutu, ya kawo misalin kogo a littafi na 7, ya rufe littafi na 10 ɗin da hikayar Er. Almajirinsa Aristotil ya saɓa masa, inda ya nuna a babi na 9 na littafinsa kan waƙa cewa waƙa ta fi tarihi kusanci da falsafa, domin tana duban abin da ke iya faruwa ga kowa. Har a ƙarni na 20 ƙurar ba ta lafa ba. Martha Nussbaum, a Love's Knowledge (1990), ta dage cewa akwai gaskiyar da ta shafi ɗabi'a wadda salon ƙagaggen labari irin na Henry James kaɗai ke iya ɗauka. Iris Murdoch kuwa, wadda ta yi fice a fannonin biyu, a hirarta da Bryan Magee ta 1978 cewa ta yi aikin falsafa fayyacewa ne, na adabi kuma daban yake.

Wannan saɓani yakan sauka ne a kan takardar jarrabawar ɗalibi. Malamin falsafa yana ɗaukar harshen damo a matsayin aibi da za a kawar. Malamin adabi kuwa a nan yake ganin gwanintar marubuci. Ɗalibin da ba a nuna masa wannan ba yakan faɗa ramin da aka saba: ya matse labari kamar rake, ya fitar da jigo ɗaya, ya tofar da zubi da salo da muryar mai ba da labari. Sai L'Étranger na Albert Camus ya koma misali kawai na bayanin da ke cikin Le Mythe de Sisyphe, tun da dukansu a 1942 suka fito. Ƙwarewar da ta cancanci hawa kan jerin ita ce ɗalibi ya gane lokacin da matani ke kafa hujja, da lokacin da yake nuna abin da hujja ba ta kai gare shi ba, ya kuma iya kare wannan hukunci a gaban malaman biyu.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi shafar manazarta harsuna. Galibin ɗaliban irin wannan digiri a fassarar Ingilishi suke karanta Aflatun da Dostoevsky da Camus, alhali ana yi musu alkawarin karatun ƙwaƙƙwafi. Ƙwaƙƙwafin kalmomin wa? Fassarar Stuart Gilbert ta 1946 ta fito a Ingila da sunan The Outsider, a Amurka kuma The Stranger. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin bare da baƙo: baƙo ana yi masa shimfiɗa, bare kuwa ko a gidan aka haife shi ba a shawara da shi. Kalmar Faransanci ta ɗauki ma'anonin biyu, har da na mutumin wata ƙasa, kuma hukuncin da mai karatu zai yanke wa Meursault yana rataye da wadda aka zaɓa masa. A nan tsarin Oxford ya yi zarra, domin ɗalibinsa da harshen asali yake karanta adabin, ko da yake ba dole ba ne masanan falsafar da zai nazarta su kasance masu wannan harshe.