Sa Hugh Clifford: Gwamnan da Ya Gina Mana Kwaleji, Ya Rufe Mana Ƙofar Majalisa

Gabatarwa

Idan ana zancen Turawan da suka mulki Nijeriya, sunan Gwamna Lugga ne ke fara zuwa bakin mutanenmu, sai ka ce daga shi ba a yi wani ba. Alhali kuwa wanda ya gaje shi a shekarar 1919, wato Sa Hugh Clifford, ya zartar da wasu abubuwa biyu a shekarar 1922 waɗanda Arewa ta daɗe tana ɗauke da su. Na farko, ya buɗe Kwalejin Katsina. Na biyu, ya kafa Majalisar Dokoki a Ikko ba tare da ɗan Arewa ko ɗaya a cikinta ba. An fi yabonsa a kan na farko, a yi shiru a kan na biyu. Wannan maƙala za ta auna su a sikeli ɗaya, domin a ganina daga tushe guda suka fito, wato asalin mutumin da irin horon da ya samu.

Asalinsa da Ayyukansa

An haifi Clifford a Landan a shekarar 1866. Jinin sarauta ne, domin kakansa shi ne Lod Clifford na Chudleigh na bakwai, mahaifinsa kuma janar ɗin soja ne. Yana ɗan shekara 17, a 1883, ya tafi ƙasar Malaya, wadda take cikin Maleshiya ta yau, inda wani ɗan uwansu, Sa Frederick Weld, yake gwamna. A can ya koyi harshen mutanen ƙasar da al'adunsu. A 1887 aka tura shi jakadanci fadar Sarkin Pahang, wanda Musulmi ne, ya zauna yana lallashi har sarkin ya sa hannu a yarjejeniyar karɓar wakilin Ingila. Shekara guda bayan haka aka kai wa ƙasar Razdan. Da wasu hakimai suka yi bore daga 1891 zuwa 1895, Clifford yana cikin waɗanda suka murƙushe su, daga bisani kuma shi kansa ya zama Razdan na Pahang.

Daga nan likkafa ta yi ta ci gaba. Ya yi aiki a Borniyo ta Arewa da Tirinidad da Silon, wato Siri Lanka, sannan ya zama Gwamnan Gwalkwas, Gana ta yau, daga 1912 zuwa 1919, da na Nijeriya daga 1919 zuwa 1925. Ya koma Silon, ya ƙarasa aiki a Singafo a 1929 saboda rashin lafiya, ya mutu a 1941.

Darasin Pahang

Abin da Clifford ya koya tun yana saurayi shi ne, ana mallakar ƙasar Musulmi ta hanyar fadarta. Ya saba da zaman fada, yana ganin girman sarakuna kamar yadda ɗan sarauta ke ganin ɗan uwansa, amma ba ya da amana ga talakan da ya yi boko har ya fara tambayar dalili. Marubuci ne, kuma a cikin ƙagaggen labarinsa na Saleh ya kawo wani ɗan sarkin Malaya da aka kai Ingila karatu, ya dawo bai zama Bature ba, bai kuma koma cikin mutanensa ba, har rayuwarsa ta lalace. Duk wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin abin da ya aikata a Nijeriya ba. A 1920, da 'yan boko na Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiya a birnin Akara suna neman a ba su murya cikin mulki, Clifford ya yi musu izgili a jawabinsa na ƙarshen shekarar, yana ganin ba su wakiltar kowa sai kansu.

Kwalejin Katsina

A watan Maris na 1922 ya buɗe Kwalejin Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Dalilan da ya bayar na zaɓen garin su ne sunan da ya yi wajen ilimi da addini, da kuma nisansa daga hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar kasuwanci. Dalili na biyu shi ya tona manufar. Ana son malaman makaranta masu ladabi, waɗanda za su koma lardunansu su yi wa En'e aiki, nesa da jaridun Ikko da siyasarta. Ba a kafa ta don a samu lauyoyi ko likitoci ba.

Duk da haka, a nan ne Sa Kashim Ibrahim da Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Abubakar Imam suka yi karatu. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Alherinta a bayyane yake, sai dai makaranta ɗaya tak ga yankin da ya fi rabin ƙasa faɗi ta yi kaɗan ƙwarai.

Tsarin Mulkin 1922

Kafin zuwansa akwai majalisar shawara ta Lugga, wadda take da kujerun sarakunan Arewa biyu, ko da yake ba ta da wani iko. Clifford ya rushe ta, ya kafa Majalisar Dokoki mai wakilai 46, huɗu daga cikinsu zaɓaɓɓu, uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba. Mai jefa ƙuri'a sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Dokokinta sun tsaya a Ikko da lardunan Kudu. Arewa kuwa Gwamna ne ke yi mata doka shi kaɗai, Turawan da ke aiki a yankin su ke zama a majalisar da sunanta.

Sakamakon haka, a 1923 Herbert Macaulay ya kafa jam'iyyar NNDP, 'yan Kudu suka fara koyon zaɓe da muhawara da tuhumar gwamnati. 'Yan Arewa ba su shiga wannan zaure ba sai 1947, a ƙarƙashin tsarin Gwamna Richards. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Wannan rata ta shekara 24 tana cikin abubuwan da suka haifar da saɓanin 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya nemi mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce da sauran shiri, har aka yi tarzoma a Kano.

Adalci Gare Shi

Ba za a ɗora masa laifin duka ba. Clifford ya soki yadda Lugga ya bar Arewa da Kudu kamar ƙasashe biyu, ya kafa babbar sakatariya a Ikko domin haɗa aikin gwamnati, amma Razdanonin Arewa da Ofishin Mulkin Mallaka na Landan suka taka masa birki. Haka kuma ya ƙi yarda a mallaka wa kamfanin Lod Leverhulme manyan filaye don noman kwakwar manja, ya tsaya a kan cewa ƙasa ta manomanta ce. Wannan abin a yaba masa ne.

Kammalawa

Hukuncina shi ne, Clifford ya ga illar killace Arewa, yana kuma da basirar da zai gyara, amma da aka zo kan majalisa sai ya bi ra'ayin da ya taso da shi, cewa sarki da Razdan sun isa su yi magana a madadin talaka. Tsohon ginin kwalejin yana nan a Katsina, an mayar da shi gidan tarihi. Ya kamata duk malamin da ya kai ɗalibai can ya nuna musu azuzuwan da manyanmu suka zauna, ya kuma gaya musu cewa a shekarar da aka buɗe su ne aka zana majalisar ƙasa ba tare da kujerar iyayensu ba.