Jinjina ga Mamman Sani da Kiɗan Lantarkinsa

Jama'ar Nijar sun san kiɗan Mamman Sani tun kafin su san sunansa. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna saka shi tsakanin shiri da shiri, wani sauti mai sanyi da ke ratsa gida ba tare da ya katse wa kowa hira ba.

A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogan ɗinsa na lantarki, ƙirar Orla ta Italiya, ya naɗi kundinsa na farko, La Musique Électronique du Niger. Babu makaɗa, babu 'yan amshi. Shi kaɗai ne, yana aza sauti bisa sauti, na'urar tana riƙe masa kari a hankali kamar tafiyar raƙumi. Abin da ya fi burge ni shi ne bai kwaikwayi Turai ba. Karin waƙoƙin makiyayan Sahel ya zuba wa na'urar baƙi, ta kuwa karɓa. A saurari "Salamatu" a ji yadda yake maimaita gajeren kari ɗaya, ba gaggawa, har zuciya ta kwanta.

Kaset kaɗan aka buga a lokacin, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kundin, duniya ta ji.

Matasanmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta, daga Kano har Damagaram, ku nemi wannan kundi ku saurara da kunnen basira. Allah ya saka wa Malam Mamman da alheri.