Lissafin Numfashin Ɗan Kwana-kwana

Mutane da yawa sun ɗauka tukunyar da ɗan kwana-kwana ke goyawa idan zai kutsa cikin hayaƙi oksijin ne a ciki, irin na asibiti. Ba haka ba ne. Iskar nan ce da kowa ke shaƙa, aka tace ta, aka busar da ita, inji ya danna ta cikin tukunya. Tukunya mai cin lita 6.8, idan aka matsa ta har ma'auni ya nuna bar 300, tana riƙe iska wajen lita 1,800, kuma a takarda an ce za ta kai minti 45. Sai dai an yi wannan lissafi ne da mutumin da ke shaƙar lita 40 a minti guda. Wanda ke hawan bene da mesa a kafaɗa, kayan jikinsa sun haura kilo 20, zafi na gasa shi, yana iya zuƙe lita 100 a minti. Minti 45 ya koma 18 ke nan, kuma a ciki zai shiga, ya yi aiki, ya fito.

Kowace na'ura tana da usur ko ƙararrawa da ke kaɗawa idan iska ta kusa ƙarewa. A ƙa'idar Turai usur ɗin na busawa ne a wajen bar 55. An sa shi don ranar tsautsayi, amma shekara da shekaru al'adar ma'aikata da yawa, musamman a Amurka, ita ce a yi ta aiki sai usur ya busa sannan a juya. Wanda ya fito da sauran iska ma sai a yi masa kallon raggo. Tamkar ɗan acaɓa ne ya nausa daji, bai tuna da komawa gida ba sai da mai ya faɗa riza.

A ranar 14 ga Maris, 2001, gobara ta tashi a wani katafaren kanti, Southwest Supermarket, a birnin Finiks na jihar Arizona. Wani ma'aikaci, Bret Tarver, iskarsa ta yi ƙasa, ya rabu da mesar da zai bi ya fita, ya ɓace cikin hayaƙi. Gubar kabon monoksaid ce ta yi ajalinsa, wasu daga cikin masu cetonsa ma da ƙyar suka sha. Hukumar kashe gobarar birnin ta yi ta atisaye bayan haka, ta gano cewa fito da ma'aikaci ɗaya da ya faɗi yana cin mutum kusan 12. Daga baya wasu jami'an kashe gobara na birnin Siyatil suka yaɗa ƙa'ida mai sauƙi: san yawan iskarka kafin ka shiga, riƙa duba ma'auni, ka fito kafin usur ya busa. A 2013 ƙungiyar NFPA, mai tsara ƙa'idojin kashe gobara a Amurka, ta ɗaga lokacin gargaɗin daga kashi 25 cikin ɗari na iskar zuwa kashi 33.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Ingila ta riga su da sama da shekara arba'in, kuma da allo da agogo ta yi. Bayan gobarar kasuwar nama ta Smithfield a Landan a Janairun 1958, inda ma'aikata biyu suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, aka tsaurara tsarin tsaron ƙofa. Duk mai shiga zai miƙa ɗan katinsa mai ɗauke da sunansa. Jami'in ƙofa ya rubuta matsin tukunyarsa da lokacin shigarsa, ya lissafa lokacin da usur zai busa. Idan lokacin ya yi ba a ga mutum ba, ba a jiran ihu, masu ceto da ke zaune da kayansu a jiki za su bi sawu. A ganina wannan allo ya fi duk wata sabuwar fasaha da aka kawo daga baya, domin ya cire hukunci daga hannun wanda zafi da zumuɗi suka ɗebe wa lissafi, ya danƙa wa wanda ke tsaye a sarari.

Dogayen benaye kuwa matsalarsu daban. A gobarar ginin bankin First Interstate a Los Anjelis, a Mayun 1988, an yi amfani da tukwane kusan 600, kuma a kafaɗa aka riƙa haurawa da su ta matakala. A Fabrairun 1991, a ginin One Meridian Plaza na Filadelfiya, ma'aikata uku iska ta ƙare musu, aka tsinci gawarsu a hawa na 28. Irin waɗannan ne suka sa aka fara binne bututun iska a jikin gini kamar yadda ake sa na ruwa. Motar iska ta jona daga ƙasa, ma'aikaci ya cika tukunyarsa a kan matakala cikin kamar minti biyu, ba tare da ya cire abin fuskarsa ba. Kundin dokokin gobara na IFC ya karɓi tsarin a 2015, amma a matsayin rataye, sai garin da ya ga dama ya mayar da shi doka.

Dabara ce mai kyau, sai dai tukunya take cikawa, ba ta mayar wa mutum ƙarfinsa. Kafin tukunya ta ƙare, jiki ya riga ya yi zafi, ruwan jiki ya tsiyaye, kuma bugun zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan kwana-kwana a Amurka. Shi ya sa ƙa'idarsu ta ce bayan tukunya biyu na minti 30 a zauna a huta, a sha ruwa. Haka batun babbar tukunya. Tana da ranarta, kamar a gobarar benen Grenfell mai hawa 24 a Landan a 2017, inda ƙaramar ba ta isa a kai can sama a yi aiki a dawo ba. Amma idan babu mai riƙe allo, ƙarin iska ƙarin nisa ne kawai cikin haɗari.

Akwai kuma ɗakin da ba kowa ke leƙawa ba, na injin cika tukwane. Duk abin da bakin injin ya zuƙa, shi za a danna wa mutum a huhu. Ƙa'idar Turai ba ta yarda kabon monoksaid ya wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Ka ajiye janareta kusa da inda injin ke zuƙar iska, hayaƙin salansa ya shiga, ka cika tukunya da guba. A wurinmu, inda wuta ba ta zama kuma ƙurar hunturu ke toshe matata, wannan ba tatsuniya ba ce. Ma'aikatanmu kuma ba gobarar kasuwa kaɗai suke fuskanta ba, har rijiya da masai suke shiga ciro mutane.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin jihar da za ta sayi sabbin motocin kashe gobara ta sa kuɗin injin cika tukwane, da matatansa, da gwajin iskar duk wata uku, a cikin kasafin. Shugabannin tashoshi kuma kada su bar kowa ya shiga hayaƙi sai an rubuta sunansa da lokacin fitowarsa.