Tsohon Babur a Gaɓar Tekun Sikotland

A arewacin Sikotland akwai hanyar da ake kira North Coast 500, wadda aka ƙaddamar a 2015 don jawo masu yawon buɗe ido. Daga Inverness take tashi, ta zagaye gaɓar teku ta dawo can, tsawon mil 516, wato kimanin kilomita 830. Cikin masu bin ta akwai waɗanda ke zuwa a kan tsofaffin baburan Ingila, irin su Triumph Bonneville da ya fito a 1959, da Norton Commando na 1967, da baburan BSA, waɗanda aka kwance su noti-noti aka yi musu garambawul. Wasu na ɗaukar abin a matsayin begen zamanin da. A ganina ya wuce nan, domin tsohon babur kan tilasta wa matafiyi bin irin wannan hanya da saurin da ya dace da ita, kuma wannan alheri ne gare shi da mutanen da yake ratsa garuruwansu.

Sai an dubi hanyar kanta za a gane dalili. Sassa masu tsawo na gaɓar yamma da ta arewa layi ɗaya ne, mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe a wuraren kaucewa da aka tanada. Mashigin Bealach na Bà da ke kaiwa Applecross yana tashi daga bakin ruwa ya hau mita 626, da kwanoni masu tsananin lanƙwasa, ga iskar teku, ga tumaki kwance a kan kwalta. Babur na zamani yana ɓoye wa mahayi yawancin wannan wahala, har ya ga kamar zai iya cinye hanyar a kwana biyu. Tsohon babur ba ya ɓoye komai. Da ƙafa ake tayar da yawancinsu, kabiretarsa na jin sanyi da raɓa, girgizar injin na kwance noti, saboda haka dole a riƙa tsayawa a duba man inji, a ɗaure sarƙa, a taɓa fulogi. Kowace tsayawa kuwa a wani ƙauye take faɗawa, inda za a sha shayi, a sayi mai, wataƙila a kwana. Kukan da mazauna yankin suka daɗe suna yi tun da hanyar ta yi suna shi ne na masu gudu da manyan motocin kwana da ke toshe wuraren kaucewa. Baƙon da ke tafe a hankali, kuma abin hawansa bai cika hanya ba, ya fi sauƙin karɓa, ko da yake ƙarar wasu daga cikin baburan nan abin ƙorafi ne na gaskiya.

Suka ta farko ga wannan ra'ayi daga cikin masu gyaran baburan take fitowa. Suna cewa wanda ya shafe shekaru yana neman kayan gyara na asali bai kamata ya kai babur inda gishirin teku da ruwan sama za su sa masa tsatsa ba. Tsatsa gaskiya ce, amma wanki da shafa mai suna maganinta. Ajiya ma tana da tata ɓarnar, wadda kowane bakanike a Kano ko Maraɗi ya sani: mai ya daskare a kabireta, roba ta bushe ta tsage. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ilimin gyaran. Kamfanin BSA ya durƙushe a 1973, masana'antar Triumph ta Meriden ta rufe a 1983, amma har yau ana ƙera kayan gyaran baburansu saboda akwai masu hawa da ke cinye su. Ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club, da aka kafa a 1946, a kan hawa ta ginu. In aka daina hawa, masu ƙira za su daina, masu iya saita injin da kunne kuma su ƙare ba magada.

Akwai kuma sukar da ta shafi mai, amma ba ta da wuyar amsa. Tun Satumban 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya ya koma nau'in da ake kira E10, wanda ke iya lalata robobin tsofaffin injuna, don haka mahayi kan nemi tsohon nau'in, wato E5, kuma da yake gidajen mai na da nisa da juna a wannan hanya, sai ya tsara tafiyarsa tun daga gida.

Sukar da ba zan iya kauce mata ba ita ce ta lafiyar rai. Yawancin baburan Ingila na wancan zamani birkinsu daga cikin gangar taya yake kamawa, ƙarfinsa na raguwa idan ya yi zafi a doguwar gangara, fitilarsu kuma ba ta da haske sosai. Ba banza ba Honda CB750 ya ƙwace kasuwa da ya zo da birkin faifai a 1969. Gaskiya ne mahayin tsohon babur kan rage gudu da giya tun kafin kwana, ya bar tazara mai yawa, amma natsuwarsa ba ta gyara birkin da aka ɗaura ba daidai ba. Tun 2018 dokar Birtaniya ta yafe wa yawancin ababen hawa da suka haura shekara 40 gwajin lafiya na shekara-shekara, ta bar alhakin a wuyan mai shi. Wannan rangwame na iya dacewa da babur ɗin da ke fita sau biyu a shekara. Wanda zai gangaro da shi daga Bealach na Bà, ya kai shi wurin gwaji tukuna, ko da doka ba ta tilasta masa ba.