Kayan Adon Raƙumi: Sharhi Kan Wani Giɓi a Nazarin Sana'o'in Gargajiya

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta kan wani giɓi da ke cikin nazarin al'adunmu. Duk ɗalibin Hausa yana iya lissafa kayan doki, daga linzami da likkafa zuwa jalala da lifidi, amma da an zo kan raƙumi sai ilminsa ya tsaya a kan akala. Idan kuwa aka matsa masa, sai ya ce ai kayan raƙumi na Larabawa ne. Wannan magana ita ce muke ganin tana bukatar gyara.

Gaskiya ne Larabawan ƙauye, watau Badawiyyawa, sun shahara da wata saƙa da suke kira sadu. Mata ne ke yin ta a masaƙar da ake kafawa a ƙasa, da ulun tumaki da gashin awaki da na raƙuma, a launin baƙi da fari da ja. Da ita suke yin tanti, da mangalar raƙumi, da tuntaye masu reto. Hukumar UNESCO ta sa sadun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa a 2011, sannan ta amince da na Saudiyya da Kuwait a 2020.

To amma raƙumin da Bakano ya sani ba daga can ya fito ba. Na Buzaye ne, wanda ayarin gishiri ke kawowa daga Bilma da ƙasar Azbin, kuma adonsa na fata ne da itace da ƙarfe, ba na saƙa ba. Maƙeran Buzaye ke sassaƙa sirdin nan na Agadas mai goshi mai yatsu uku, matansu kuma su yi aikin jakunkunan fata masu geza. Hatta wurin ɗaura sirdin ya bambanta: Balarabe yana ɗora nasa bisa tozo, shi kuwa Buzu gaban tozo yake ɗaurawa, ya aza ƙafafunsa a wuyan raƙumi. Saboda haka wanda ya haɗa su biyun ƙarƙashin suna ɗaya ya haɗa sana'ar masaƙa da ta dukawa.

Abin da ya fi cancantar lura shi ne, saƙa tana nan cikin wannan hulɗa, sai dai a jikin mahayi take, ba a jikin dabba ba. Rawanin da Buzu ke rufe fuska da shi, turkuɗi ne na ƙasar Kano, musamman garin Kura, inda ake rina shi da baba a buge shi har ya yi ƙyalli. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafi da kayan fatar birnin ke ƙetara Hamada. Ashe ke nan Bahaushe yana da hannu dumu-dumu cikin adon ayari.

Me ya jawo wannan sakaci? A ganinmu dalilai biyu ne. Na farko, doki dabbar sarauta ne, nazarinmu kuwa ya daɗe yana bin fada, ya bar zango da kasuwa. Na biyu, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin Hamada tun kafin a fara tattara kalmomin sana'o'i da gaske.

A unguwar Nassarawa kanta akwai abin tunatarwa. Gidan Ɗan Hausa mazaunin Hanns Vischer ne, wanda ya ratso Hamada da ayarin raƙuma daga Tarabulus zuwa Barno ta Murzuƙ da Bilma a 1906, kafin ya buɗe makarantarsa a 1909. Nan kuma ake Hawan Nassarawa bisa al'ada, ɗaya daga cikin haye-hayen Sallar Kano da UNESCO ta amince da su a 2024. Abin tsoro shi ne kada wannan yabo ya ƙara ɗaukaka doki shi kaɗai.

Shawararmu ita ce ɗaliban digiri na biyu su nufi dukawan Kano da maƙeran Agadas, su rubuta sunan kowane sashe na kayan raƙumi da Hausa da Buzanci, da mai yin sa, da abin da ake yin sa da shi. Kalmar da ba a rubuta ba, ranar da tsohon da ya san ta ya kwanta dama, tare suke tafiya.